Haikalin Da Kogi Yake Fitowa Daga Cikinsa

Karatu: Ezekiyel 47:1-12, Yohanna 7:37-39, 1 Korintiyawa 6:19-20

Idan aka tambayi yaran makarantar Lahadi inda Allah yake zaune, waɗansu za su nuna sama da yatsa, waɗansu kuma su nuna ginin majami'a. Manya sukan yi murmushi da jin wannan amsa, amma da yawa daga cikinsu ba su wuce ta ba a zuci. Shi ya sa mutum yakan gyara murya da tufafi da hali sa'ad da ya doshi ƙofar majami'a, ya kuma tuɓe su duka tun bai kai bakin kasuwa ba.

Ga dubban masu bi, tambayar ta daina zama ta yara a shekarar 2014. A watan Oktoba na wannan shekara garin Mubi ya faɗa hannun 'yan Boko Haram. An ƙone majami'u masu yawa a kudancin Borno da arewacin Adamawa, jama'a suka watse zuwa Yola da Jos da ƙasar Kamaru. Dattijon da ya ɗauki bulo a kansa domin gina majami'ar ƙauyensu, daga baya ya hangi hayaƙinta daga kan dutsen da ya ɓuya, yana da dalilin tambaya: idan gidan Allah ya zama toka, ina Maigidan ya koma? Annabi Ezekiyel ya rayu da wannan tambaya shekaru masu yawa, amsar da aka ba shi kuwa ita ce tushen wannan darasi.

Firist marar haikali

Ezekiyel ɗan Buzi firist ne. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu aka kwashe shi tare da sarki Yekoniya zuwa Babila, ya zauna cikin 'yan bauta a bakin kogin Kebar. Firist da aka raba da haikali kamar manomi ne da aka raba da gona. Haikalin da ya baro a Urushalima shi ne wanda Sulemanu ya yi shekara 7 yana ginawa. A can ciki akwai Wuri Mafi Tsarki, kamu 20 tsawo, kamu 20 faɗi, kamu 20 tsayi, inda ba mai shiga sai babban firist, shi ma sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, da jini a hannunsa. Ranar da aka keɓe wannan gini girgije ya cika shi, har firistoci suka kasa tsayawa su yi aikinsu (1 Sarakuna 8:10-11).

A kwana a tashi mutanen Yahuza suka mai da haikalin kamar laya. Sukan zalunci baƙo da maraya da gwauruwa, sa'an nan su shigo sujada suna ganin ba abin da zai taɓa su muddin ginin yana tsaye. Irmiya ya tsaya a ƙofar haikalin ya tsawata musu a kan wannan (Irmiya 7). Ezekiyel kuwa, daga nesa, ya ga abin da ya fi tsawatawa ban tsoro. A surori 8 zuwa 11 ya ga ɗaukakar Ubangiji tana barin gidan, ba da gaggawa ba, sai dai taki-taki kamar mai tafiyar da ba ya so: daga ciki zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa ƙofar gabas, daga nan zuwa dutsen da yake gabashin birnin. Sa'ad da sojojin Nebukadnezzar suka sa wa haikalin wuta a shekara ta 586, kango suka ƙone.

A tsakiyar wannan wahayi mai ɗaci akwai maganar da ta cancanci a ja mata layi. Ubangiji ya faɗa wa 'yan bauta cewa shi da kansa ya zame musu wuri mai tsarki a ƙasashen da aka warwatsa su (11:16). Daga baya ya ƙara alkawarin da ya fi wannan: zai cire musu zuciyar dutse ya ba su mai taushi, ya kuma sa Ruhunsa a cikinsu (36:26-27). Wato Allah bai rasa gida ba. Wani irin gida ne yake shiryawa.

A shekara ta 25 ta zaman bauta aka nuna wa Ezekiyel sabon haikali. Surori da dama awo ne na bango da ƙofofi da ɗakuna, mai karatu yakan gaji da su. Amma a sura ta 47 sai ga abin da ba a taɓa gani a haikalin Sulemanu ba. Ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dokin ƙofa, yana gangarawa gabas. Wani mutum da igiyar awo a hannunsa ya auna kamu 1,000, wajen rabin kilomita ke nan, ya bi da annabin ta cikin ruwan, ruwa a idon sawu. Ya sāke auna 1,000, ruwa a gwiwa. Wani 1,000, ruwa a kwankwaso. A awo na huɗu ya zama kogin da ba a ƙetarewa sai da iyo.

Duk wanda ya san rafi a lokacin rani zai ga abin mamaki a nan. Rafi yakan ragu ne yayin da yake nisa da idonsa, yashi yana sha, rana tana sha, in ba wani rafin ya haɗu da shi ba. Wannan kuwa ba a ambaci ko ƙorama ɗaya da ta shiga cikinsa ba, duk da haka yana ƙara zurfi gwargwadon nisansa daga haikali. Inda ya nufa ma abin lura ne. Bai nufi lambun sarki ba. Ya gangara zuwa Tekun Gishiri, wanda yake fiye da mita 400 ƙasa da doron teku, gishirinsa ya ninka na babban teku kusan sau 10, kifi ba ya rayuwa a cikinsa. Da kogin ya isa can sai ruwan ya gyaru, masunta suka shanya tarunansu a gaɓa, itatuwa suka yi ta ba da 'ya'ya kowane wata, ganyayensu kuma suka zama magani. Aya ta 12 ta ba da dalili guda ɗaya tak: ruwan daga wuri mai tsarki yake fitowa. Inda Allah ya zauna, rai ba ya kwanciya kamar ruwan tafki. Fita yake yi, ya nemi wuri mafi ƙasƙanci.

Inda alkawarin ya cika

An sāke gina haikali a Urushalima, aka gama a shekara ta 516, daga baya Hirudus ya faɗaɗa shi ya ƙawata shi. Amma kogi bai fito daga ƙarƙashin ƙofarsa ba. Bisharar Yohanna ce ta nuna inda ya fito. A 1:14, kalmar Girkanci da aka fassara da zaman Kalman a cikin mutane tana da ma'anar kafa alfarwa, irin wadda Musa ya kafa a jeji. A 2:19-21 Yesu ya kira jikinsa haikali. Sa'an nan a sura ta 7 ya je Idin Bukkoki, inda bisa ga al'ada kowace safiya firist yakan ɗebo ruwa daga tafkin Siluwam a butar zinariya, ya zuba a bagade, jama'a suna ta murna. A rana ta ƙarshe Yesu ya miƙe ya ɗaga murya, ya gayyaci duk mai jin ƙishi zuwa wurinsa, ya kuma yi maganar kogunan ruwan rai da za su malalo daga ciki. Masana Girkanci sun sha muhawara a kan aya ta 38, ko daga cikin Yesu ne kogunan za su fito ko daga cikin mai ba da gaskiya. Kowace aka ɗauka, hanyar ruwan ba ta sāke ba: Almasihu ne ido, mai bi kuwa magudana. Yohanna da kansa ya bayyana cewa Ruhu Mai Tsarki ake nufi.

A daren da aka bashe shi, Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin Mai Taimako wanda zai kasance a cikinsu, ya kuma ce shi da Uba za su zo su yi zamansu tare da mai ƙaunarsa (Yohanna 14:17, 23). Kashegari labulen haikali ya tsage daga sama har ƙasa. A ranar Fentikos wuta ta sauko, ba a kan bagaden dutse ba, a kan mutane ne, maza da mata. Sa'ad da sojojin Roma suka rushe haikalin Hirudus a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, ikkilisiya ba ta rushe tare da shi ba, gama ta riga ta bazu har birnin Roma.

Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa wasiƙarsa ta fari daga Afisa wajen shekara ta 55. Sau biyu ya kira su haikali: a 3:16 ikkilisiya gaba ɗaya, a 6:19 jikin kowane mai bi. A Girkanci akwai kalma ta dukan harabar haikali, akwai kuma ta ainihin ɗakin da yake mai tsarki. Ta biyun ya yi amfani da ita. Su wane ne ya ba wannan suna? Mutanen da suka rarrabu ƙungiya-ƙungiya, suna kai juna kotu, masu hali a cikinsu suna ƙoshi a wurin Jibin Ubangiji yayin da matalauta suke zaune da yunwa. Bai ce su yi ƙoƙari su zama haikali ba. Tuna musu ya yi da abin da suka riga suka zama domin tamanin da aka biya, sa'an nan ya nuna musu cewa halinsu bai dace da Wanda yake zaune a cikinsu ba. Zaman Ruhu a cikin mai bi ba lada ba ne na waɗanda suka ƙware a ibada. Kyauta ce ga duk wanda yake na Almasihu (Romawa 8:9), tsohuwar da ba ta iya karatu ba da shugaban ikkilisiya daidai.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Akwai masu bi da suke ƙare ƙarfinsu da kuɗinsu wajen neman Allah a waje. Yau kwalbar mai, gobe ruwan da aka yi wa addu'a, jibi wani dutse mai nisa inda aka ce sama ta fi kusa. Keɓewa a kan dutse domin addu'a ba laifi ba ne, Ubangiji da kansa ya yi. Laifin shi ne tsammanin cewa Allah ya fi kusa da kwalba fiye da zuciyar da ya saya da jinin Ɗansa. Wannan ita ce tsohuwar layar mutanen Yahuza a cikin sabuwar riga.

Waɗansu kuma sun yarda Ruhu yana cikinsu, amma ma'auninsu shi ne tsikar jiki da ƙarfin murya a wurin taro. Littafi Mai Tsarki yana da wani ma'auni dabam. A Ayyukan Manzanni 6, gunaguni ya tashi a ikkilisiyar Urushalima domin ana tsallake gwauraye masu jin Girkanci a rabon abinci na kullum. Manzanni suka ce a zaɓi mutum 7, sharaɗin kuwa shi ne su zama masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. Domin rabon abinci! Duk wanda ya taɓa riƙe mudu a gaban layin mayunwata, 'yan uwansa na kabila suna kallonsa da ido, ya san dalilin wannan sharaɗi. Istifanus, shahidi na fari, daga cikinsu ya fito. Tun a Tsohon Alkawari ma, ɗaya daga cikin mutanen farko da aka ce Allah ya cika su da Ruhunsa shi ne Bezalel, maƙeri kuma masassaƙi (Fitowa 31:1-5). A Yohanna 13 kuwa, marubucin ya fara da cewa Yesu ya san daga inda ya fito, ya san inda za shi, ya san an danƙa kome a hannunsa. Abin da ya biyo bayan wannan sani shi ne tawul da daro da ƙafafu masu ƙura. Wanda ya tabbata Allah yana tare da shi ba ya tsoron sunkuyawa. Mai shakkar matsayinsa ne yake faɗa a kan kujerar gaba.

Akwai kuma hidimar da ba ta da ido a ƙarƙashinta. Tana farawa da ƙarfi, amma guzurinta yabo ne. In ba a ambaci sunan mai bayarwa a wurin taron neman gudummawa ba, hannu ya koma aljihu. Wani lokaci kuwa ba girman kai ba ne, gajiya ce ta gaskiya. Ga mace a Zumuntar Mata wadda ita ce mai dafa abincin makoki, ita ce mai ziyarar asibiti, ita ce mai sharar majami'a, har ta kai ga ba ta da lokacin buɗe Littafinta, zuciyarta kuma ta fara ɗaci. Irin wannan ba tsawatawa take bukata ba. Tana bukatar a rage mata kaya, a kuma tuna mata cewa ba ita ce rijiyar ba. Bitrus ya gargaɗi mai hidima ya yi ta da ƙarfin da Allah yake bayarwa (1 Bitrus 4:11). Randa takan ƙare, komai girmanta.

Waɗanda suka shiga har ruwa ya sha kansu

Wajen shekara ta 250 wata annoba ta mamaye daular Roma, ta yi shekaru tana kisa. Mutane suka riƙa yar da 'yan uwansu marasa lafiya a kan titi don tsoro. Bishop Sipiriyan na birnin Kartaj, a ƙasar da ake kira Tunisiya yau, ya tara masu bi ya roƙe su su kula da marasa lafiya, ba nasu kaɗai ba, har da waɗanda suke tsananta musu. Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ta Masar ya ba da labarin yadda 'yan'uwa da yawa suka yi jinyar waɗansu har suka ɗauki cutar suka mutu. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 362, Sarki Juliyan, wanda ya yi ƙoƙarin komar da daular ga bautar gumaka, ya yi kuka a wata wasiƙa cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu, suna kuma ciyar da na masu bautar gumaka. Ikkilisiyar zamanin Sipiriyan ba ta da manyan gine-gine, yawanci a gidaje take taruwa.

Ba sai an je nesa haka ba. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a asibitin mishan na garin Lassa. Aka kawo ta Jos a jirgin sama, ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta da ɗan rauni a yatsa, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ta kwanta, aka kai ta Amurka, ta tsira da ƙyar. A farkon 1970 cutar ta sāke ɓarkewa a Jos, ta kama marasa lafiya da ma'aikatan asibiti. Likita Jeanette Troup, wadda ta san sarai abin da cutar ta yi wa abokan aikinta, ta ci gaba da duba masu ciwo da binciken gawa domin a gane ta. Wuƙar aiki ta yanke ta a yatsa, ta rasu a watan Fabrairu. Penny Pinneo kuwa ta komo Nijeriya da ruwan jininta domin a yi wa waɗansu magani da shi. Sunan zazzaɓin Lassa kowa ya sani, sunayen waɗannan mata kaɗan ne suka sani. Labarinsu ba izinin ganganci ba ne. Mai jinya ya sa safar hannu, ya wanke hannu da sabulu, iyali su rufe abinci saboda ɓera, wanda shi ne yake yaɗa cutar. Hikima tana cikin sharaɗin Ayyukan Manzanni 6 tare da Ruhu.

Haka nan, mafi yawan waɗanda suka gudu daga arewa maso gabas a 2014 ba a sansanin gwamnati suka sauka ba, a gidajen mutane ne. Iyalai masu ɗaki biyu suka shimfiɗa tabarmi har zaure, tukunyar mutum shida ta ciyar da ashirin. Majami'un da aka ƙone ba su iya ba kowa masauki ba. Haikalan da suke tafiya da ƙafa biyu ne suka yi.

Wani lokaci kuma Ubangiji yakan kunyata nasa ta hannun wanda ba su zata ba, kamar yadda ya yi da misalin Basamariye. A watan Yuni na 2018, sa'ad da aka kai hari a ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa ya ɓoye mutum fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi ba da su. Mai bi da yake shaida cewa Allah Rayayye yana zaune a cikinsa, amma yana tambayar addinin maƙwabci ko kabilarsa kafin ya ba shi ruwan sha, yana da abin da zai yi tunani a kai.

Daga ƙarƙashin dokin ƙofa

Kogin Ezekiyel bai fara da zurfi ba, bai kuma fara daga nesa ba. A bakin ƙofa ya fara, ɗan ruwa kaɗan. Wannan magana ce ga iyali. Akwai dattijon ikkilisiya da ake yabo a gari saboda alheri, amma a gidansa inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta, ita ce ta fari a tashi, ta ƙarshe a kwanciya, ba ta taɓa ganin aji ba, ranar Lahadi kuma a bar ta tsaron gida. Idan wannan yarinya ta Almasihu ce, ita ma haikali ce, gargaɗin da yake a 1 Korintiyawa 3:17 a kan mai ɓata haikalin Allah kuwa ba wasa ba ne. Ga tsoho a ɗakin baya wanda ba mai zama ya yi hira da shi. Ga matar ɗan'uwa da aka ƙwace wa gona da kwanon rufi tun ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba, masu ƙwacen kuwa 'yan mawaƙa ne da masu karɓar baiko. Yohanna ya yi tambaya a fili, ta yaya ƙaunar Allah za ta zauna a cikin mai abin hannu da ya ga ɗan'uwansa cikin rashi ya rufe zuciyarsa (1 Yohanna 3:17).

Ezekiyel ya ambaci wani abu a aya ta 11 wanda masu wa'azi sukan tsallake. A gefen tekun da ya gyaru akwai fadamu da kududdufai waɗanda ba su gyaru ba, aka bar su ga gishiri. Suna kusa da kogin, amma ruwansu ba ya gudu.

Yana da kyau iyali su karanta wannan sura tare a lokacin addu'ar yamma, yara su auna da hannu inda ruwan ya kai a kowane awo. Bayan haka maigida ko uwargida su tambayi kowa, har da 'yar aikin gida da ƙaramin yaro, ya ambaci sunan mutum ɗaya a cikin gidan ko a unguwa wanda yake zaune a bakin Tekun Gishiri a wannan mako. A zaɓi ɗaya daga cikin sunayen, a yi masa addu'a, a kuma tsai da wanda zai je wurinsa kafin Lahadi mai zuwa, da abin da zai riƙa a hannu.